Kwayil Mai Waƙa da Zoben Ungozoma

Tun da wani ya ɗauki bidiyon na'urata ya watsa, duk hutun makaranta sai 'yan mata sun tare mini ƙofar shago, maganarsu ɗaya: "Anti Kulu, ki koya muna abin ga mai waƙa kahin a koma makaranta." Hutun kuwa sati uku ne. Sun ga bututun roba an naɗe shi da waya, an kifa masa kwano a ka, tartsatsi yana fita yana rera waƙa, sai suka ɗauka abu ne da za a kalla sau biyu a iya. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni ba tsohuwa ba ce, amma shekarata goma a kan teburin gyara a nan Isa. Ina gama sakandare Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni. Shi mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a bakin kasuwa. Ba don ya ga ina da kai ya ɗauke ni ba. Akwai aikin da ƙafarsa ba ta kaiwa. Fanka ta tsaya a ɗakin matar aure, ko fitilar sola ta mutu, ko inbata, akwatin da ke mayar da wutar batir ta gida, tana kuka, namiji ba ya shiga. Sai maigida ya kwance abin ya kawo shago, alhali sau da yawa ciwon a wayar bango yake. Ni ina shiga. Duk sana'ata a kan wannan ta tsayu: mata su ce a kira ni, mazansu su yarda. In ƙofofin nan suka rufe, ba ni da aiki ko da na fi kowa iya riƙe ƙarfen solda.

Akwai wani gidan mai hatsi a Bafarawa da ba na mantawa. Sau uku ana kawo wa Kawu fankar amaryarsa, ya gwada ta a shago tana juyawa lafiya, a mayar, ta ƙi. Mutumin har ya fara cewa Kawu ya tsufa. Aka ɗora ni a babur ranar kasuwa. Na shiga ɗakin, na sa aka janye kabad ɗin kwanuka, sai ga waya gara ta cinye mata riga, ta rage sili biyu. Minti goma na yi. Kafin in fito daga gidan, mata huɗu na maƙwabta suna jirana a tsakar gida.

Washegari Kawu ya miƙo mini jakar kayan aiki, mita da filaya da sukuddireba da ƙarfen solda da dalma a ciki. Ya ce, "Jakag ga da sunana za ki shiga da ita gidajen mutane. In kin ƙona kaya, sai mu gyara. Amma ran da aikinki yat taɓa jikin mutum, ki maido min abina."

Na ce to, ina ta sauri in tafi.

Kafin wannan rana sai da na yi shekara guda ban gyara komai ba. Ina bayan labule ina zare ƙananan kaya daga matattun fanel na cikin rediyo, ina naɗin fanka, ina shara. Dokokinsa ba su da yawa. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki zauna. Ki ɗaure hijabi ta baya. In wuta na cikin abu, hannun hagu ya koma bayanki. Kuma kada ki yarda da abin da aka kashe. Wannan ta ƙarshen a kan wata tsohuwar talabijin na koye ta. An zare ta daga wuta tun safe, da azahar na kai hannu, Kawu ya buge shi, ya ɗauki sukuddireba ya haɗa ƙafafun babban kafasito, abin da ke ajiye wuta a cikinta. Ƙarar da ta tashi sai da mai shayin gefenmu ya leƙo. Bakin sukuddirebar ya narke. Tana nan rataye a shago, ban yar ba.

Kwayil mai waƙa kuwa a muguwar shekara na yi shi. Kun san ta, ko da kuna ƙanana. Hanyoyi suka gagara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layin waya, aka hana sayar da mai a jarka. Kayan gyara daga Sakkwato suka daina zuwa, sai ɗan abin da fatake suka shigo da shi ta wajen Maraɗi in an yi sa'a. Shago ya cika da matattun inbata da masu su ba su dawo ba. Ni kuwa zaman banza yana sa ni faɗa da mutane. Ina da wasu bidiyo da na ajiye a memori tun ana da layi, na abin da ake kira kwayil ɗin Tesla. Na kalle su har na haddace hannun mutumin da ke ciki.

Naɗin shi ne aikin farko, kuma nan yawancinku za ku gudu. Bututun ruwa na roba, tsawon kamu ɗaya. Wayar naɗi siririya kamar zaren ɗinki. Zagaye wajen dubu, kowanne manne da na kusa da shi, babu mai hawa kan wani, babu rata. Na soke sanda a cikin bututun na ɗora a kan gwangwanaye biyu, hannu ɗaya yana juyawa, ɗaya yana jan waya. A kwana na uku, na wuce ɗari bakwai, waya ta tsinke. Na haɗa da dalma na ci gaba.

Kawu ya duba da tabaransa ya ce, "Warware."

Na ce, "Kawu, ko mita ba ta ga wurin ba."

"Mita ba ta gani ba. Wuta za ta gani."

Ban warware ba. Ranar da na kunna, daidai wurin ɗinkin nan wuta ta huda, ta bi jikin bututun ta bar baƙin layi. Na sake daga farko. Na biyun na shafe shi da banish na kafintoci har sau huɗu, kowane shafi sai ya kwana ya bushe.

A gindin bututun ana yin wani naɗi na waya mai kauri, zagaye biyar kawai. Shi ake ba wuta, amma ba a ba shi a sake. Ana buɗe ta ana rufewa sau dubbai kafin ki ƙifta ido, kuma masu wannan aiki su ne mosfet, baƙaƙen abubuwan nan masu ƙafa uku da ke jere a cikin inbata. Biyu ne suke karɓa-karɓa. In ɗaya ya buɗe kafin ɗayan ya rufe, sai ki ji fat, sai wari. Goma sha bakwai na ƙona. Babu inda za ni in sayo, sai dai in ƙara fasa wata matacciyar inbata. Dalilin da ya sa ba na barin sabuwar zuwa ta taɓa makunni ke nan.

Waƙar ita ce mutane ba sa ganewa. Har yau ana leƙa ƙarƙashin tebur ana neman inda na ɓoye lasifika. Babu lasifika. Tartsatsi in ya fita yana zafafa iska, iskar ta buɗe da ƙara. In kina kunna shi kina kashewa da sauri daidai da hawa da saukar sautin, kunne sai ya ji waƙa. Saboda haka sai an gina wani ƙaramin fanel da zai karɓi kiɗa daga wayar hannu ya mayar da shi umarnin kunna da kashe. Ranar farko na jona wayata kai tsaye. Ta yi haske sau ɗaya, ba ta ƙara tashi ba. Daga baya na gane sai an raba su. A cikin cajar waya akwai wani ɗan abu mai ƙafa huɗu da ke miƙa saƙo da haske, wuta ba ta iya bin sa ta dawo. Shi na ciro na sa a tsakani, na ƙara da doguwar igiya, don mai riƙe da waya ya tsaya nesa.

Sai wayar ƙasa. Ƙarshen naɗin dole ya shiga ƙasa, kuma ƙasarmu rairayi ce, da rani ba ta karɓar komai. In kin soka ƙarfe kawai kin tafi, wutar za ta nemi wata hanya, ta bango ko ta mutum. Rami ake haƙawa, a zuba gawayi da gishiri, a kafa ƙarfe, a shayar da shi ruwa. Wannan Kawu ne ya koya mini, babu shi a bidiyo.

Ranar da na'urar ta fara waƙa, muryarta siririya ce mai kaifi, kamar algaita a hannun ɗan koyo. Ba ta iya ganga, ba ta iya sauti biyu a tare. Kawu ya saurara har ta kai ƙarshe, ya ce, "Wagga zabiya taki mura ta kama ta?" Daga nan sunan ya bi ta. Kowa Zabiya yake cewa. Mata a gidajen da nake shiga suka riƙa tambaya, wai da gaske ne ina da zabiyar wuta.

Ana haka Hajiya Ige ta tashi aurar da 'yarta. Gidanta na cikin gidajen da suka fara buɗe mini ƙofa. Zabiyar da aka saba ɗaukowa daga Sabon Birni ta aiko cewa ba ta bin hanyar nan ko nawa za a ba ta. Masu kayan sauti ba su da man janareta. Hajiya ta ce, "Kulu, yinin ɗiyata ba za ya wuce shiru kamar zaman makoki ba. Ki kawo muna taki."

Da na gaya wa Kawu, ya ce, "Gidan biki? Mata nawa?"

Na ce, "Na shirya komi."

Kuma a ganina na shirya. Na kai batir biyu na sola tun da hantsi. Na haƙa rami a bayan rumfa, na zuba gawayi da gishiri da bokiti biyu na ruwa. Na ɗora Zabiya a kan tebur a cikin rumfa inda inuwa ta yi duhu, don a ga tartsatsi. Na kewaye ta da benci huɗu, taku biyu ta kowane gefe, saboda yara. Bayan la'asar, da mata suka cika, na tsaya na ɗaga murya na ce kada kowa ya wuce benci. Aka ce to. Na ja igiyata na koma can bakin ɗakin girki, na duƙar da kai a kan waya ina zaɓen kiɗa.

Zabiya ta tashi da kyau. Tartsatsi shuɗi, tsawon ɗan yatsa, yana rawa a kan kwanon. Da farko mata suka ja da baya, wasu na salati. Da suka gane waƙar, sai wata ta rangaɗa guɗa, fili ya buɗe, aka shiga rawa. Wata da watanni ba a yi rawa a unguwar ba.

Gwaggo Tumba ita ce gwaggon amarya, kuma ita ce ungozomar unguwarmu. Rabin waɗanda ke tsakar gidan a hannunta suka faɗo, har da ni. In ta shigo taro ana tashi a ba ta wuri. Ta miƙe da sabuwar takardar kuɗi a hannu, tana taka rawarta ta manya, ta nufi rumfa. Wata yarinya ta ga benci ya tare mata hanya, sai ta janye shi, don ba a barin Gwaggo ta tsallaka abu. Ta zo liƙi ne. An yi wa 'yar ɗan'uwanta waƙa, dole ta manna wa mai waƙa kuɗi a goshi, kamar yadda ta yi a kowane biki tun kafin a haife ni. Ta duba ba ta ga goshi ba sai kwanon nan mai sheƙi. Ta miƙa hannun dama, da zoben azurfa a yatsanta na tsakiya.

Ni sautin ne ya gaya mini. Waƙar ta canza murya, ta yi kauri. Na ɗago na ga tartsatsin ya bar sama ya kwanta ya kama zoben. Kafin in lalubi wurin kashewa a waya, takardar ta kama wuta.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Subhanallahi," ta zauna a kan bencin tana kallon hannunta. Irin wannan wutar ba ta jijjiga mutum, ƙona shi take, kuma ciki take shiga. A ƙarƙashin zoben wani ɗan farin tabo ne kamar ƙwayar gero, sai ƙauri. Aka kawo ruwa da sabulu aka zare zoben kafin yatsan ya kumbura.

A nan na yi kuskure na biyu. Kowa a tsakar gida na kallona, sai na ce, "Ai na ce kada kowa ya wuce benci."

Hajiya Ige ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kulu, kwashe kayanki."

Labari ya riga ni isa shago. Ina shiga Kawu ya miƙo hannu, na ba shi jakar, ya rataye ta a ƙusa a bayansa. Sannan ya ce in zauna.

"Biki nawa kinka je tun da anka haihe ki?"

"Ban sani ba."

"Akwai wanda kinka ga an yi kiɗi ba a yi liƙi ba?"

Na ce, "Na sa benci."

"Benci na yara na. Kin tsare yara kin manta da uwayenki."

"Na kuma hwaɗa da bakina, kowa ya ji."

"Kin hwaɗa kahin a fara kiɗi. Ke da kanki kin cire zobenki kahin ki taɓa ta, ko ba ki cire ba? Kin san abin da taka yi ma zobe. Sannan kinka aje ta tsakiyar mata ɗari, kowace da ƙarhe a hannu, kinka sa mata suna zabiya, kinka koma bakin madahi kina kallon waya."

Na ce sunan ai shi ya sa mata. Ya ce ya ji, wannan nasa ne, sauran nawa. Ya ce jaka kuma ba shi zai mayar mini ba, wadda na ƙona ita za ta faɗa.

Ciwon ya yi sati bakwai bai rufe ba. A waje ƙarami, a ciki rami. Hannun da take karɓar haihuwa da shi ne, a shekarar da kai mace asibiti sai an yi shawara da hanya. Haihuwa uku aka yi a unguwar Gwaggo tana zaune a gefe da hannu a naɗe, tana gaya wa wata abin da za ta yi. Allah ya sa duka aka sauka lafiya. Amma kowane gida ya san dalilin da ya sa hannun yake naɗe.

Babu wanda ya zage ni. Kira ne kawai ya tsaya. Mazan da matansu ke aiko mini suka koma ɗauko fanka a ka suna kawo wa Kawu, su gaishe shi, su yi kamar ba su ga ƙafata a ƙarƙashin labule ba. Wata ta ce wai aljani na ɗaure a cikin bututun. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da na ji an kawo fankar gidan Hajiya Ige, na san kuma ba fankar ba ce, makunnin bangon ne, ni na sa shi. Na ci gaba da naɗi.

A bayan labulen na yi kejin. Ragar kaji ta ƙarfe, firam na rodi, kamu ɗaya tsakaninta da kwanon ta kowane gefe har sama, duka a ɗaure da wayar ƙasa. In tartsatsi ya kai ga ragar, ƙasa zai bi. Na ƙara wani makunni a hannuna wanda sai na danne shi take aiki, ina saki ta mutu. Na ɗaura tire a jikin ragar ta waje, don liƙi ba zai daina ba, wuri kawai za a ba shi. Kawu ya bi kowace mahaɗa da mita. A kusurwa ɗaya ya tsaya. Fenti ya shiga tsakanin raga da rodi, ido na ganin a haɗe suke, mita ta ce a'a. Ya miƙo mini wuƙa. Na kankare, na sake ɗaurewa, na bi sauran ukun ma ba tare da ya ce ba.

Sannan na tafi gidan Gwaggo. Na same ta a gindin darbejiya tana tsince wake da hannun hagu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa.

Na ce, "Gwaggo, laihina na. Na san za a yi liƙi, ban yi tunaninai ba. Maganar da na yi ranan nan ma ban kyauta ba."

Ta ɗago yatsan ta nuna mini. Ya warke, ya bar ɗan loɓa, fatar wurin ta yi haske.

Ta ce, "Ke ɗiyar gidan Nomau, ni ma ɗakunan mutane nika shiga. Na hi ki daɗewa. Mai naƙuda ina ce mata kwanta nan, ta tashi ta tahi can. In ce kada ki yi nishi yanzu, ta yi. In abu ya ɓaci, kin taɓa jin na hito tsakar gida na ce ai na gaya mata?"

"A'a."

"Tau. Ƙunar ba ta yi min zahi kamar wagga magana ba." Ta mayar da hannu cikin wake. "An ce kin yi mata keji kamar kaza."

"Na yi."

"Kawo ta nan ran Alhamis da hantsi. Za ni aika a kira mata. Abin da yaƙ ƙone ni ina son in gan shi da rana tsaka, ina zaune."

Ranar Alhamis na turo kayan a baro. Mata sun fi ashirin, Hajiya Ige na cikinsu, duk sun jeru a jikin bango, nesa. Na haƙa rami a gefen randa. Gishirin da na zo da shi ya yi mini kaɗan, na roƙi ƙari.

Gwaggo ta ce, "Ta ci yatsana, yanzu kuma gishirina za ta ci. A ba ta."

Aka yi 'yar dariya, ba da yawa ba. Na zuba ruwa, na jira ya tsuma, na auna da mitar da Kawu ya ara mini ta yini ɗaya. Na sake aunawa. Na danne makunni, Zabiya ta tashi a cikin kejinta. Da rana tartsatsin ba ya fita sosai, sai muryar.

Gwaggo ta saurara kaɗan, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da zoben. Gefe ɗaya ya yi baƙi. Ta miƙo mini.

"Sa shi. Ki ɗora hannu ga ragar tana cikin waƙa."

Tun da na fara aiki ban taɓa kusantar wuta da zobe ba. Na san lissafina daidai ne, na san mahaɗa huɗun nan ni na kankare su. Duk da haka sai da na ƙara kallon ramin, na ga ruwan bai bushe ba. Na sa zoben, ya yi mini yawa. Hannun hagu na danne da makunni, na shimfiɗa na dama a kan ragar. Ƙarfe ne mai ɗumin rana, shi ke nan. Na bar shi a nan har waƙar ta kai rabi.

Gwaggo ta dafa gwiwa ta miƙe. Wata ta ce, "Gwaggo, bari mana." Ba ta ko waiga ba. Ta zare zoben daga hannuna, ta mayar a yatsan da ya ƙone, a kan tabon. Ta ɗora tafin hannunta a kan ragar, daidai saitin kwanon, ta tsaya tana kallon tartsatsin ta cikin ramukan. Ba ta ɗauke ba sai da kiɗan ya ƙare.

Ta juya wajen matan ta ce, "Muryar dai ba daɗi. Ta Sabon Birni ta hi ta nesa ba kusa ba."

Wannan karon aka yi dariya sosai. Yara mata suka fara matsowa, uwayensu na janye su, su ma suna matsowa. Ni ina naɗe igiya, ban san ko an gama da ni ba ko ba a gama ba, kuma ba a tambayar Gwaggo irin wannan.

Sai da na ɗora keji a baro ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gobe da sahe ina da wankan jariri gidan Malam Isiya. Hitilar ɗakin mai jegon ta mutu, kwana uku cikin duhu nika duba cibiya. Ki biyo ni."

Na ce, "Maigidan ya ce in zo?"

"Ni nic ce."

Da Kawu ya ji abin da ta ce, ya sauko mini da jakar daga ƙusa. Da sassafe na same ta a ƙofar gidanta. Ta ɗora mini kwaryar kayan wankanta a kan nawa kayan, ta wuce gaba. Malam Isiya na zaune a zaure da carbi. Ya gaishe ta, ya dube ni, ya buɗe baki. Gwaggo ta ce, "Tare muke," ta ɗaga labule ta yi sallama. Daga ciki aka amsa, na sunkuya na bi bayanta.